Yadda Ake Zaɓen Furotin Rikombinan, Narkar da Shi da Amfani da Shi a Binciken Ƙoda

Tambayar da ta fi yawan dawowa daga ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ita ce wannan: an sayo furotin, an bi adadin da aka gani a rubuce, an zuba wa sel na ƙoda, amma shiru kake ji. Ina matsalar take? Mafi yawan lokuta furotin ɗin ya mutu, ko ya manne a jikin roba, tun kafin ya isa ga sel ɗin. Wani lokacin kuma tun wajen saye aka ɗauko wanda bai dace da gwajin ba.

Furotin rikombinan shi ne furotin, a nan na ɗan adam, da aka sa bakteriya ko wasu sel na raino suka ƙera, bayan an dasa musu ƙwayar gadonsa. Yakan zo cikin 'yar kwalba a matsayin busasshen gari, µg 5 ko 10 ko 50, wanda da kyar ido ke ganinsa. Matakan da ke ƙasa suna bin sa daga ranar oda har zuwa ranar karanta sakamako.

Gargaɗi tun farko: waɗannan furotin na bincike ne kawai. Ko da sunansa ya zo ɗaya da magani, kamar EPO mai sa jiki ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ba a yi wa mutum allura da shi. Ba a tsarkake shi don jikin ɗan adam ba.

1. Ku san aikin da furotin zai yi

Aikin da ake sa furotin a binciken ƙoda iri uku ne, kuma kowanne da irin kwalbar da yake so.

Na farko, a motsa sel da shi. TGF-β1 ne kan gaba wajen kwaikwayon tabon da ke cinye ƙoda a ciwon da ya daɗe. BMP-7 ana gwada shi a matsayin mai hamayya da shi. FGF23 na binciken fosfet ne, FGF9 da GDNF kuma na rainon ƙananan ƙoda daga sel na asali. A nan dole furotin ya kasance da rai, wato yana aiki.

Na biyu, a yi ma'auni da shi a gwajin ELISA, wato gwajin auna yawan furotin ta hanyar antibodi, don auna alamomin raunin ƙoda a fitsari ko jini: KIM-1, NGAL, sistatin C, IL-18, TIMP-2, IGFBP7. A nan daidaiton adadi ya fi komai.

Na uku, a yi tarko da shi don kama antibodin da jikin majiyyaci ya ƙera wa ƙodarsa, kamar yadda ake yi da furotin PLA2R a ciwon kaurin fatar matatar ƙoda. A nan siffar naɗin furotin ce abin lura.

Ku rubuta a jimla ɗaya wanne ne naku, da irin sel ko samfurin da za a yi aiki da shi. Idan sel ɗin na dabba ne, kamar NRK-52E na ɓera ko MDCK na kare, ku tabbatar furotin na mutum yana aiki a kansu. TGF-β1 ba ya da matsala, domin nasa na mutum da na ɓera kusan ɗaya ne. IFN-γ na mutum kuwa ba ya motsa sel na ɓera ko kaɗan, TNF na mutum kuma ɗaya kawai daga makaman TNF biyu na ɓera yake kamawa (makami a nan shi ne wurin da furotin ke kamawa a jikin sel).

2. Ku karanta takardar bayani kafin oda

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo asara. Abubuwa shida za a duba.

Inda aka ƙera shi. Wanda aka yi a bakteriyar E. coli ya fi araha, amma ba ya ɗauke da sarƙoƙin sukarin da jikin mutum ke liƙa wa furotin. Ga FGF9 wannan ba damuwa ba ne. Ga KIM-1, Klotho da PLA2R kuwa, ku nemi wanda aka yi a sel na dabbobi masu shayarwa, HEK293 ko CHO ko NS0. EPO misali ne mai kyau: wanda babu sukari a jikinsa yakan yi aiki a faranti, amma a jikin dabba akan share shi daga jini nan da nan.

Wane yanki ne. Takardar za ta nuna daga amino asid na nawa zuwa na nawa. KIM-1 da ake sayarwa yawanci ɓangaren da ke wajen sel ne, wanda shi ne ke gutsurewa ya fito a fitsari. TGF-β1 yana da nau'i biyu, mai aiki da wanda ke kulle cikin rigarsa, kuma na biyun ba zai yi komai ba sai an buɗe shi. FGF23 yakan tsage gida biyu ya daina aiki, shi ya sa ake sayar da nau'in R179Q da ba ya tsagewa.

Wutsiyar da aka liƙa masa. His ƙarama ce, ba ta cika damun gwaji ba. Fc, wadda yanki ce na antibodi, babba ce, tana haɗa furotin biyu-biyu, tana kuma ƙara nauyi sosai.

Hattara: in za ku nemi antibodin majiyyaci, kada ku sayi furotin mai wutsiyar Fc ta mutum. Antibodi na biyu da ke gano IgG (nau'in antibodi) na mutum zai kama wutsiyar, kowane samfuri ya fito kamar mai ciwon.

Endotoksin. Sel na bututun ƙoda suna jin wannan dafin bakteriya, su fara fitar da IL-6 da IL-8, sai a ɗauka aikin furotin ne. Ƙasa da EU 1 (EU ma'aunin endotoksin ne) a kowane µg shi ne abin da aka saba gani. In bincikenku ya shafi kumburi, ku nemi ƙasa da 0.1.

Tsabta da ƙarfin aiki. Tsabta ta wuce kashi 95 cikin 100. Don motsa sel, ku nemi lambar ED50, wato adadin da ke ba da rabin tasiri a gwajin kamfanin. Kwalbar da ba a rubuta mata gwajin aiki ba, ba a tabbatar tana aiki ba, komai tsabtarta.

Da BSA ko babu. Kamfanoni kan haɗa furotin da BSA, wani furotin na jinin shanu, don ya kare shi. Mai BSA ya fi dacewa da rainon sel da ma'aunin ELISA. Marar BSA ake saye in za a shafe faranti da shi, ko a liƙa masa launi ko bayotin, ko a yi wa dabba allura, ko a auna yawansa da hasken 280 nm.

3. Lissafin yawa da kuɗi

Ku ninka adadin da ake so a kowane mL da jimillar ruwan raino na dukkan gwaje-gwajen, har da maimaici uku, sannan ku ƙara kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na asara. Bambancin yana da girma. Kwalbar TGF-β1 mai µg 10, in ana amfani da 5 ng/mL, za ta isa ruwan raino lita 2. Kwalbar FGF9 mai µg 10, a 200 ng/mL da ake yawan sawa wajen rainon ƙananan ƙoda, mL 50 kawai za ta isa. Wanda bai yi wannan lissafin ba, furotin zai ƙare masa a tsakiyar gwaji.

Wajen kwatanta farashi, ku raba kuɗin kwalba da yawan µg, ku kuma dubi ED50, domin mai araha da ke buƙatar ninki biyar ya fi tsada. Ku sa kuɗin jigila a lissafi. Busasshen gari yakan jure tafiyar kwanaki ba tare da sanyi mai tsanani ba, amma wanda aka aiko a daskare cikin ruwa sai da busasshiyar ƙanƙara, kuma jigilarsa na iya kamo kuɗin furotin ɗin. Shawarar da ta fi: a sayi ƙaramar kwalba a gwada, in ta yi, a nemi babba daga zubi ɗaya da ita.

4. Karɓa da shirya kaya

Da kayan sun iso, ku dubi lambar zubi a jikin kwalba ku haɗa ta da takardar shaidar inganci. Ku rubuta ranar isowa. Busasshen gari ya tafi firiza a −20°C ko ƙasa da haka, inda yakan kai shekara guda. Wanda ya zo a daskare, in kun tarar ya narke a hanya, ku ɗauki hoto ku sanar da mai sayarwa kafin ku taɓa shi.

Ranar narkarwa ku tanadi ƙaramin injin juyi, fifet da aka daidaita, bakin fifet mai matata, ƙananan tiyub na roba irin waɗanda furotin ba ya mannewa, matata mai 0.22 µm, BSA marar endotoksin, ruwa ko PBS (ruwan gishiri mai fosfet) marar ƙwayar cuta, ƙanƙara, da alƙalamin da sanyi ba ya gogewa. Duk aikin a cikin akwatin iska mai tsabta za a yi shi.

5. Narkarwa

a) Ku fito da kwalbar ku bar ta ta huce a zafin ɗaki kamar minti 15 ba tare da buɗewa ba. In an buɗe ta da sanyinta, raɓa za ta sauka kan garin.

b) Ku juya ta a injin juyi na daƙiƙa 20 zuwa 30. Garin yakan maƙale a murfi yayin tafiya, ya tashi a iska da an buɗe. In kun leƙa kun ga kamar babu komai a ciki, haka µg 10 yake.

c) Ku haɗa ruwan narkarwa daidai yadda takardar wannan kwalbar ta ce. Yawancin furotin suna narkewa a ruwa ko PBS. TGF-β1 da BMP-7 kuwa asid suke so, yawanci HCl mai 4 mM, ko asid ɗin sitrik mai 10 mM a wasu kamfanoni. Don haɗa mL 10, ku zuba µL 40 na HCl mai 1 M cikin ruwa, ku ƙara BSA mg 10, wato 0.1 cikin 100, sannan ku tace.

Hattara: ruwan narkarwar ake tacewa kafin a zuba shi. In kuka tace furotin bayan ya narke, matatar za ta shanye kaso mai yawa daga cikinsa. Kuma TGF-β1 da aka narkar kai tsaye a PBS yakan dunƙule ya manne a bango, abin da ya ɓata ba ya dawowa.

d) Ku zuba ruwan a hankali ta jikin bango. Ku nufi 100 µg/mL ko sama, misali µL 100 a kan µg 10. Furotin mai kauri ya fi daɗewa, tsararre kuwa roba ce ke shanye shi.

e) Ku rufe, ku bar ta minti 15 zuwa 30, kuna ɗan karkata ta lokaci-lokaci don ruwan ya wanke bango. Kada a sa ta a na'urar girgiza, kada kuma a yi ta zuƙa da fesawa har kumfa ta tashi. Kumfa tana warware naɗin furotin.

f) Ku ɗaga ta ga haske. Ruwan ya zama garau. In akwai gajimare, ku ƙara mata lokaci a firji na 'yan sa'o'i. In bai washe ba, ku tuntuɓi kamfanin kafin ku ci gaba.

6. Rabawa da ajiya

A ranar da aka narkar za a raba. Kowane tiyub ya ɗauki abin da gwaji ɗaya zai cinye, amma kada ya gaza µL 10, domin ɗigon da ya fi haka ƙanƙanta yakan bushe a firiza, ƙarfinsa ya canza. Ku rubuta suna, ƙarfi, lambar zubi, ruwan narkarwa da kwanan wata.

A −80°C ya fi, −20°C ma ya yi na kamar wata 3. A firji, mako ɗaya zuwa wata ɗaya gwargwadon abin da takarda ta ce. Kada a ajiye a ƙofar firiza, ko a firizar da ke narkar da ƙanƙararta da kanta, domin tana ɗumama tana sanyaya kayan ciki ba tare da kowa ya sani ba. In wuta ta ɗauke har tiyub suka narke, ku rubuta hakan a jikin akwatin, ku sake gwada ƙarfinsu kafin babban aiki.

Tiyub ɗin da aka narkar ba ya komawa firiza. Ya zauna a firji a ƙarar da shi cikin kwanaki kaɗan.

7. Sirkawa zuwa ƙarfin aiki

A ce ana son 5 ng/mL na TGF-β1 a faranti mai gurbi 6, kowane gurbi mL 2. Jimilla mL 12, wato ng 60. Daga ajiyar 100 µg/mL, wannan µL 0.6 ne, kuma fifet ba ya ɗaukar irin wannan ɗigon daidai. Sai a bi ta tsakiya: µL 5 na ajiya cikin µL 495 na ruwan raino mai BSA 0.1 cikin 100, ya ba da 1 µg/mL. Daga nan a ɗauki µL 60 a zuba cikin mL 12, a gauraya a tiyub guda, sannan a rarraba wa gurabe. Zuba ɗigo-ɗigo a kowane gurbi daban shi ke sa gurabe su saɓa wa juna.

Wannan sirkin na tsakiya na ranar ne kaɗai, ba a ajiye shi.

In za a kwatanta furotin biyu, a kwatanta su da mola, wato yawan ƙwayoyinsu, ba nauyinsu ba. TGF-β1 mai aiki yana da nauyin kusan kDa 25, don haka 5 ng/mL daidai yake da 0.2 nM. Furotin mai wutsiyar Fc a ng iri ɗaya yana da ƙwayoyi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da marar wutsiya.

8. Sa wa sel, da gurabun kwatance

Ku shuka sel, misali HK-2 na bututun ƙoda, su cika kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na gurbi. Ku cire siram, wato ruwan jinin da ake ƙara wa ruwan raino, ko ku rage shi sosai na sa'a 16 zuwa 24, domin siram na ɗauke da nasa TGF-β da sauran masu motsa sel. Podosait, wato sel na matatar ƙoda, da ake raino a 33°C sai an mayar da su 37°C na kwana 10 zuwa 14 sun balaga kafin a sa musu komai. HEK293 kuwa, duk da ƙoda da ke cikin sunansa (K ɗin na kidney ne), kada a ɗauke shi madadin sel na bututun ƙoda. Amfaninsa a dasa masa makami a gwada.

Karon farko da sabuwar kwalba, ku yi tsani: 0, 0.5, 1, 2, 5, 10 ng/mL. Ku duba alama mai saurin fitowa tukuna. Ga TGF-β1, pSMAD2/3 yana bayyana cikin minti 30 zuwa 60. Alamomin tabo, wato fibronektin, kolajin I da α-SMA, sai bayan sa'a 24 zuwa 72. In gwajin ya wuce kwana 2, ku canza ruwan raino da sabon furotin, domin sel suna cinye shi. Alamar farko tana gaya muku a rana ɗaya ko furotin na da rai, maimakon ku jira kwana uku cikin duhu.

FGF23 yana da nasa sharaɗin: ba ya kama makaminsa da kyau sai da taimakon furotin Klotho. Sel da aka daɗe ana raino sukan rasa Klotho, sai a zargi kwalbar alhali ba ta da laifi. Ku fara tabbatar da Klotho a sel ɗin, ko ku dasa musu shi, sannan ku duba alamomin aikinsa, pERK ko EGR1.

Gurabun kwatance guda huɗu ba a barin su. Sel da ba a sa wa komai ba. Sel da aka sa wa ruwan narkarwa zalla, da asid ɗinsa da BSA ɗinsa, a sirki iri ɗaya. Sel da aka sa wa furotin tare da mai toshe hanyarsa, kamar SB431542 a 10 µM ga TGF-β1. Da kuma gwajin endotoksin: a tafasa ɗan furotin a 95°C na minti 30 a sa wa sel. Zafi na kashe yawancin furotin, endotoksin kuwa yakan jure, don haka in tasirin bai gushe ba, mai yiwuwa ba furotin ke yin sa ba. Polimiksin B a 10 µg/mL, wanda ke ɗaure endotoksin, yana ƙara tabbatarwa.

9. In ma'aunin ELISA ake so

Ku yi matakai bakwai na rabi-rabi da gurbin sifili, misali 2000, 1000, 500, 250, 125, 62.5, 31.3 da 0 pg/mL, kowanne gurbi biyu, kuna canza bakin fifet a kowane mataki. Ku zana layin da tsarin 4PL, mai ba da lanƙwasasshen layi, domin madaidaicin layi yana ɓata ƙarshen sama da na ƙasa.

Fitsari samfuri ne mai wuyar sha'ani. A juya shi a kusan g 1500 na minti 10, a kwashi ruwan sama a raba a daskarar. Furotin uromodulin da ke cikinsa yakan dunƙule da sanyi ya riƙe wasu furotin, saboda haka bayan narkewa a gauraya sosai, kuma dukkan samfura su bi hanya ɗaya. A auna kiriyatinin a kowane samfuri don gyara bambancin kaurin fitsari. Sannan a zuba sanannen adadin furotin rikombinan cikin fitsari a auna: abin da ya dawo ya faɗa tsakanin kashi 80 da 120 cikin 100. In ya gaza, a ƙara sirka samfurin.

Hattara: ma'aunin wani kamfani da antibodin wani kamfani ba lallai su ba da lamba ɗaya ba. NGAL ya fi nuna wannan. A fitsari yana zuwa shi kaɗai mai kDa 25, ko biyu a haɗe, ko manne da MMP-9, kuma nau'in biyu-biyu yawanci daga fararen ƙwayoyin jini yake, abin da ke sa ciwon sanyin mafitsara ya ɗaga lambar. Ku san wane nau'i antibodinku ke gani.

Ga PLA2R, antibodin majiyyata suna gane furotin ne a naɗe. In kuka sa DTT, sinadarin da ke warware naɗin, ko makamancinsa a gwajin Western, alamar za ta ɓace.

10. In bai yi aiki ba, da ranar canza zubi

Ku bi baya da tsari. Ku sake lissafin sirki a takarda, don kuskuren µg da ng ninki 1000 ne. Ku fito da sabon tiyub da bai taɓa narkewa ba. Ku duba ko sel na da makamin, ko sun tsufa da yawan shuka, ko ƙwayar cutar maikoplasma ta kama su. In furotin marar BSA ne, ku gudanar da µg 1 a jel na SDS-PAGE, mai raba furotin bisa nauyinsu. Layi ɗaya a inda ake tsammani alama ce mai kyau, layuka da yawa a ƙasa na nufin ya gutsuttsure. Kada nauyin da ya haura lissafi ya tsorata ku ga KIM-1 ko EPO, sarƙoƙin sukari ne ke ɗaga su su kuma baza layin.

Kafin tsohon zubi ya ƙare, ku ware tiyub biyu. Idan sabon ya iso, ku yi tsanin mataki na 8 da tsoho da sabo a faranti ɗaya, rana ɗaya. In layukan biyu sun hau kan juna, ku ci gaba da adadin da kuka saba. In sabon ya fi ƙarfi ko rauni, ku gyara adadin bisa ED50 da kuka samu da hannunku, ku rubuta lambar zubin da ranar canjin a littafin aiki kusa da sakamakon farko da aka samu da shi.